Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Abin da Injin Niƙa Ya Koya wa Mutum-mutuminmu

A cikin watan Janairu na shekarar 2023, hunturu na tsakiyar kaɗawa, na tsaya a wani aji a garin Ƙauran Namoda ina kallon mutum-mutumin da ɗalibaina shida suka shafe wata uku suna haɗawa. Ya yi abin da ya saba yi. Ya haɗiyi faifai na farko lafiya, ya haɗiyi na biyu, na uku kuwa ya tsaya masa a wuya. Injin da ke juya rola ya yi gurnani, bel ya fara zamewa, ƙaurin roba ya cika ajin. Yaron da ke tuƙa shi ya ajiye abin sarrafawa a kan benci ba tare da ya ce uffan ba, ya durƙusa ya sa yatsa ya zaro faifan. Saura kwana goma sha takwas a yi gasar da muka yi alkawarin shiga, kuma a filin gasa ba a yarda kowa ya sa hannu ya taɓa mutum-mutumi ba. Idan ya shaƙe, shi ke nan, sai dai a tsaya ana kallonsa har lokaci ya cika.

Gasar tamu ƙarama ce, ta wasu makarantun sakandare ƙalilan da malamansu suka haɗa kai suka shirya. Mun kwaikwayo ta ne daga wasan da gasar VEX ta duniya ta fitar na kakar 2022 zuwa 2023, wanda muka riƙa kallo a YouTube. A wancan wasa, mutum-mutumi yana yawo a fili mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 12, yana tsintar faya-fayan soso daga ƙasa, yana harba su cikin raga. Faɗin kowane faifai kimanin santimita 14 ne, kaurinsa kuma kusan santimita 2, kuma doka ta hana mutum-mutumi ya riƙe fiye da uku a lokaci guda. Duk wasan minti biyu ne: daƙiƙa 15 na farko na'urar ke sarrafa kanta, sauran minti ɗaya da daƙiƙa 45 kuma ɗalibi ke tuƙa ta. Mu ba mu da kuɗin sayen kayan kamfanin, saboda haka muka yi da abin da ke hannu. Wani mai ɗinkin takalma a kasuwar Ƙaura ya yanka mana faya-fayai daga robar da ake tafin silifa da ita. Injinan goge gilashin mota muka sayo wurin 'yan gwangwan, muka naɗe guntayen fayif da tsohon tub na keke suka zama rola, muka yi jiki da katako da ƙarfen da mai walda ya liƙa mana, sannan muka sa allon Arduino ya zama ƙwaƙwalwa.

Ba zan ce gasar wani babban abu ba ce a idon duniya, amma a wurinmu tana da nauyi. Uku daga cikin yaran nan shida ba 'yan Ƙaura ba ne. Iyayensu sun baro ƙauyukan ƙasar Zurmi da ta Shinkafi saboda 'yan bindiga, suka bar gonaki da rumbuna, suka zo suna zaman haya ko zaman alfarma a gidajen dangi. Da na nemi gudummawa, waɗannan iyaye sun ba da abin da suka ba da ne daga cikin kuɗin cefane. Mahaifin direban namu ya faɗa mini ƙarara cewa shi bai ga amfanin yaro ya riƙa yini a makaranta yana wasa da ƙarafa ba, alhali da ya bi yayansa garejin babura da tuni ya fara kawo na gishiri. Na roƙe shi ya bar mini yaron zuwa ranar gasa, ya zo ya gani da idonsa. Ya yarda. Don haka duk lokacin da faifai ya maƙale, fuskar wannan bawan Allah nake gani.

A nan ne na yi kuskuren da ya sa na rubuta wannan maƙala. Na karanta injiniyanci, kuma abin da ya fara zo mini shi ne ƙarfi ya gaza. Na ce da yaran idan rola ta kasa tura faifai, sai a ƙara mata ƙarfi. Muka kwashe fiye da rabin abin da ya rage a asusunmu muka sayo inji mafi girma, muka ɗaure bel tamau don kada ya zame. Sakamakon ya zo a yini ɗaya. A da, idan faya-fayai biyu suka cushe, bel yakan zame, mu zaro su da yatsa. Yanzu sai sabon injin ya danna su da iyakar ƙarfinsa, ya tauna gefen ɗaya, ya tsaga katakon maƙogwaro, daga ƙarshe wutar da ya ja ta ƙona allon da ke ba shi umarni. Zamewar bel ɗin da nake gani aibi, ashe ita ce ke kare mana kaya. Na koma gida da magariba ina lissafin kuɗin iyayen yara da na ƙona da hannuna.

A gidanmu akwai kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi fiye da shekara talatin yana sana'ar injin niƙa a Shinkafi. A ƙasar Zurmi aka haife ni, amma ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai ni wurinsa don in yi makaranta, kuma a rumfar injinsa na yi rabin ƙuruciyata. Ranar Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, tun hantsi ƙorai da kwanoni ke jeruwa har bakin hanya: gero, dawa, masara, wani surfaffe, wani tsaba. Aikina shi ne in ɗaga ƙwarya in juye a mazurarin inji. Na sha ranƙwashi a kan wannan aiki, domin ni a ganina idan layi ya yi tsawo, sai a cika mazurari a buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya don a gama da wuri. Kawu ba ya yin haka ko da mutum ɗari ke jira. Hannunsa na hagu kullum yana saman maƙogwaron inji, yana tare hatsi yana sakinsa kaɗan-kaɗan, kunnensa kuma yana kan ƙarar injin. Da ya ji muryar ta yi ƙasa, sai ya rage. Da ta washe, sai ya ƙara. Idan aka kawo surfen da bai sha iska ba, yakan mayar da shi a shanya, ko mai shi ta yi fushi.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar Zamfara, aka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya, sana'ar Kawu ta tsaya. Bayan wasu watanni ya sayar da injin, ya dawo Ƙaura wurinmu da zama. Tun daga lokacin ya zama mutum mai yawan shiru. A daren da allon ya ƙone, ya ga na kasa cin tuwo, ya tambaye ni abin da ke damuna. Na yi masa bayani a gajarce, irin bayanin da ake yi wa wanda ake zaton ba zai gane ba. Ya ce in tafi da shi gobe ya gani.

Washegari muka aro allo daga wani malami, muka mayar da tsohon inji. Kawu ya zauna a kan benci, yara suka gaishe shi, ya ce a tayar. Bai dubi ragar da ake harbawa ba, bai dubi wayoyi ba. Ya sa aka zuba faya-fayai a gaban mutum-mutumin sau wajen goma, kowane karo yana karkata kai yana saurare. Can ya nuna bakin da muka yi masa, mai faɗi a waje yana tsukewa ta ɓangarorin biyu daidai wa daida, ya ce da ni: "Malam, wanga abu naku ba rashin ƙarhi ad damuwatai ba, haɗama ta. Kun buɗe mai baki awa na kada, kun ba shi wuya awa na zabo. Taura biyu ba ta taunuwa." Sannan ya ɗora tafin hannunsa a gefe ɗaya na bakin, yadda faifai ɗaya kawai zai iya wucewa, ɗayan kuma dole ya jira. Ya ce a sake tayarwa. Faya-fayai uku suka shige ɗaya bayan ɗaya. Aka maimaita, suka sake shigewa. Yaran suka dubi juna, ni kuwa na dubi ƙasa.

Abin da hannun Kawu ya yi yana da bayani a kimiyya, kuma na san bayanin tun ina ɗalibi, sai dai ban taɓa haɗa shi da rumfar Shinkafi ba. Idan abubuwa masu tauri suka taru suna neman fita ta ƙofa ɗaya, wani lokaci sukan jingina da juna su yi baka daga bango zuwa bango. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro ya ɗaga kai ya san wannan siffa: ita ce bakan gizo na maginan Hausa, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Hikimar baka ita ce tana karkatar da nauyin da ke kanta zuwa bango, don haka ƙarin nauyi ƙara mata zama yake yi muddin bangon bai ba da kai ba. Abin da magini ke nema ke nan, kuma shi ne abin da mai inji ke gudu. Da na ƙara wa rola ƙarfi, baka na ƙara wa nauyi, har sai da bangon katako ya tsage.

A shekarar 2001, wani masanin kimiyya a Taiwan mai suna Kiwing To da abokan aikinsa biyu suka gwada wannan da faya-fayan ƙarfe a cikin mazurari mai lebur. Sun nuna cewa bakar da faya-fayan ke yi a bakin ƙofa ita ce ke kawo toshewa, kuma sai faɗin ƙofa ya kai wajen ninki biyar na faɗin faifai kafin toshewar ta yi ƙaranci sosai. Bayan shekara goma, a 2011, Iker Zuriguel da tawagarsa a Jami'ar Navarra da ke Sifaniya suka gano wani abin da ya saɓa wa zato: idan aka kafa wani abin tarewa a daidai wurin da ya dace a saman ƙofar rumbu, toshewa na iya raguwa har ninki ɗari, domin abin tarewar yana ɗauke matsin da ke danna ƙwayoyin da ke bakin ƙofa. Daga baya sun faɗaɗa binciken har zuwa tumaki masu rububin shiga ƙofar garke, abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi ta Shinkafi ya sha gani. Hannun hagun Kawu a saman maƙogwaron inji shi ne wannan abin tarewa, kuma ya riga binciken da shekaru.

Daga nan sai matsalarmu ta fito fili. Ƙofa iri biyu ce ba ta cika toshewa ba: wadda ta yi faɗin da baka ba za ta iya tsayuwa a kanta ba, da wadda aka tsara yadda abu ɗaya tak zai iso gare ta a lokaci guda. Hatsarin yana tsakanin biyun. Mutum-mutumi ba shi da wurin da za a yi masa ƙofa mai ninki biyar, kuma na'urar harbi faifai ɗaya take karɓa, saboda haka hanya ta biyu ce tamu: a sa faya-fayai su yi layi tun kafin su iso wuya.

Kwana goma sha biyu muka yi muna gyara, kuma zan zayyana abin da muka yi domin malamin da zai bi wannan hanya bayanmu. Da farko muka rushe bakin. Muka miƙe bango ɗaya sak, muka karkata ɗayan kawai, sannan muka matso da rolar farko ta fi kama faifan da ke gefen miƙaƙƙen bango. Ta haka, idan biyu suka iso tare, ɗaya yana riga ɗaya da ɗan taƙi, kuma wannan taƙin ya isa ya hana su yin baka. Na biyu, muka tsuke faɗin maƙogwaro ya zama faɗin faifai ɗaya da ƙarin milimita kaɗan, muka kuma sauke rufinsa zuwa kaurin faifai ɗaya da 'yar rata. A da rufin ya yi kusan kauri ɗaya da rabi, don haka faifan baya yakan ɗora gefensa a kan na gaba su zama kamar weji. Wannan ya sa muka koma wurin mai takalma da ma'auni, muka ware duk faifan da kaurinsa ya saɓa da na sauran.

Na uku, muka gyara gudun rola. Doka ce mai sauƙi: kowace rola ta ɗan fi wadda ke bayanta sauri, domin faifan da ya shiga ya riƙa tsere wa mai bin sa, rata ta buɗe a tsakaninsu. Mu a da akasin haka muka yi, ta waje tana gudu, ta ciki tana jan ƙafa, ashe da kanmu muke tara su. Sauya girman fuli biyu ya wadatar. Na huɗu, muka auna tazarar da ke tsakanin rola da rola, muka tabbatar ba ta kai faɗin faifai ba, yadda babu inda faifai zai tsaya ba tare da wata rola tana riƙe da shi ba. Na biyar, muka cire rolar sama daga mazauninta na dindindin muka rataye ta da igiyar roba, don idan wani abu ya fi ƙarfinta ta ɗaga ta ba shi hanya. Muka kuma sassauta bel kamar yadda yake tun farko.

Na shida shi ne kunnen Kawu. Injin lantarki idan ya ci karo da abin da ya hana shi juyawa, wutar da yake ja tana hauhawa nan take. Muka sa 'yar na'urar auna wuta a layinsa, yarinya ɗaya tilo da ke cikin tawagar ta rubuta wa Arduino umarni cewa idan wutar ta haura iyaka ta kuma daɗe a can, ya juya rola baya na kimanin rubu'in daƙiƙa, sannan ya ci gaba. Da na yi wa Kawu bayani, ya ce ai shi ma in inji ya ƙware, ba ya ƙara masa, sassauta farantan yake ya bar shi ya amayar. Ita wannan yarinya ce kuma ta buɗe littafi tana rubuta kowace maƙalewa: a ina ta faru, da wane faifai, da safe ko da rana. Littafin nata ne ya tona mana abu na bakwai, wanda babu wanda ya zata. Maƙalewa ta fi yawa bayan an daɗe ana gwaji a kan siminti, saboda ƙurar hunturu tana lulluɓe tub ɗin rola ya daina kamu. Maganin tsumma ne mai ɗan laima kafin kowane zagaye, da goga kyandir a bangon katako don faifai ya riƙa sulɓewa.

Ranar gasa mahaifin direbanmu ya zo, ya tsaya can baya da hannuwansa a bayansa. Kawu ma ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a. A zagaye na biyu, yaron ya afka cikin tarin faya-fayai da sauri fiye da yadda muka saba, na ji muryar injin ta yi ƙasa, gabana ya faɗi. Kafin in buɗe baki rola ta ja baya, ta tofar da faifai ɗaya, ta sake kama shi, ya wuce. Mafi yawan 'yan kallo ba su ma lura ba. Kawu ya lura, domin na ga ya gyaɗa kai tun kafin faifan ya fito. Ba mu ci gasar ba. Na uku muka zo, saboda mun ƙarar da lokacinmu a kan wuya mun bar saiti, kuma wata makaranta ta fi mu iya harbi nesa ba kusa ba. Amma mutum-mutuminmu bai tsaya ko sau ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Mahaifin yaron bai ce mini komai a kan gareji ba. Ya dai durƙusa ya leƙa cikin maƙogwaron, ya tambayi ɗansa wane ne ya yanke wannan katako, yaron ya ce shi ne. Ranar Litinin na gan shi a aji.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake fara koyar da wannan fanni. A da nakan fara da zane a allo da sunayen Turanci, yara su kwafa su haddace. Yanzu makon farko nakan tura su rumfar mai niƙa, ko wurin masu injin ɓarar gyaɗa da na casar shinkafa, waɗanda ba su da wuyar samu a garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga. Nakan ce su zauna awa ɗaya su dubi hannun mai injin, su saurari muryar injin, su rubuto kalmomin da ya yi amfani da su. Sukan dawo da baki, da wuya, da haɗiya, da ƙwarewa, da shaƙewa, da amai. Harshenmu ya daɗe da ɗaukar inji a matsayin mai cin abinci, kuma wannan kamance ba ado ba ne kawai, yana ɗauke da ilimin aikin: wanda ya san ba a yi wa jinjiri ɗura da gaggawa ya riga ya san rabin abin da To da Zuriguel suka auna. Sauran rabin, wato ma'auni da lissafi da rubuta abin da aka gani, shi ne namu na makaranta, kuma ban raina shi ba, domin ba don littafin yarinyar nan ba da ƙura ta kayar da mu.

Kawu yana nan a Ƙaura, bai koma Shinkafi ba tukuna. Amma duk ranar Laraba da yamma, idan ƙungiyar ta haɗu, yakan biyo ni makaranta ya zauna a bencinsa. Sababbin yara sukan kawo masa abin da suka haɗa kafin su kawo mini. Ba ya taɓa waya ko allo. Yakan ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya nuna da yatsa inda za a duba.